Ƙadangaren hamada mai ƙayar wutsiya

Kowane yaro a Gema ya san ƙadangare. Da hantsi yakan hau katanga, yana gyaɗa jan kansa. To, ƙadangare yana da wani ɗan'uwa wanda ba ya zama a dajin Paraku ko na Jugu. Mazauninsa yana can arewa cikin hamada: duwatsun Abzin na ƙasar Nijar, da arewacin Mali, da kudancin Aljeriya.

Masana sun sa shi cikin dabbobi masu jan ciki, kamar maciji da kunkuru da kada. Danginsu ɗaya da ƙadangaren gida. Damo da guza kuwa danginsu dabam ne. A shekarar 1922 wani masani Bajamushe, Lorenz Müller, ya yi bayaninsa, ya raɗa masa suna *Uromastyx geyri*. Da Faransanci ana ce wa irinsa *fouette-queue*, wato mai bulala da wutsiya.

Tsawonsa yakan kai santimita 35. Wani ja ne, wani kuma rawaya. Kansa gajere ne, cikinsa yana da faɗi. Wutsiyarsa kakkaura ce, ƙayoyi sun kewaye ta jeri-jeri.

Ƙadangaren gida ƙwari yake farauta. Shi wannan, ganye da furanni da ƴaƴan ciyawa ne abincinsa. Ba safai yake shan ruwa ba, ruwan cikin ganye ya ishe shi. Da safe yakan kwanta bisa dutse, ya sha rana har jikinsa ya yi ɗumi, sannan ya tafi kiwo. In ya ga shaho ko dila, sai ya ruga cikin rami ko tsagar dutse, ya toshe ƙofar da wutsiyarsa. Tamatar ƙwai take yi, ta binne a ƙasa.

Amma wutsiya ba ta kare shi daga mutum. Ana kama shi don nama, ana kuma sayar da shi Turai da Amurka, inda ake ajiye shi cikin gidaje. Yarjejeniyar CITES ta 1973 tana kare namun daji irinsa: ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini. In aka kwashe iyaye, wa zai yi ƙwai baɗi?

Tambayoyi
1. A waɗanne ƙasashe ake samun wannan ƙadangare?
2. Mene ne amfanin wutsiyarsa?
3. Ku faɗi bambanci biyu tsakaninsa da ƙadangaren gida.
4. Ku zana shi cikin littafinku.