Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Hali da Shirin Aure

Wannan tambaya daga wata mai sauraronmu ce a Sabon Tasha, Kaduna. Ta ce a ajin shirin aure na cocinsu an yi musu gwajin hali, aka ce ita mai zafin rai ce, saurayinta kuma mai sanyin hali. Shin Kirista zai dogara da wannan?

To 'yar'uwa, mun gode. Raba mutane gida huɗu bisa ɗabi'a, wanda irin wannan gwajin ke bi, ya samo asali ne daga likitocin Girka na dā, irin su Hippocrates da Galen, waɗanda suka ɗauka ruwayen jiki ke juya hali. Likitanci ya daɗe da watsi da wannan. Faston Amurka Tim LaHaye ne ya yaɗa shi cikin coci-coci da littafinsa na 1966. Akwai kuma gwajin Myers-Briggs mai rukuni 16, wanda mutum kan sake yi bayan 'yan makonni ya faɗa wani rukunin daban.

Amfanin gwajin hali shi ne buɗe muku hira: yadda kowa ke fushi, yadda yake kashe kuɗi, yadda yake neman sulhu. Amma kada ya zama hujjar cewa "haka Allah ya yi ni". Bitrus da ya yi musun Yesu sau uku saboda tsoro, shi ne ya tsaya gaban jama'a ranar Fentikos. Galatiyawa sura 5 ta nuna Ruhu Mai Tsarki na gyara hali.

Saboda haka ku haɗa da addu'a da shawarar dattawa, ki kuma lura da yadda saurayinki yake mu'amala da iyayensa.