Wasiƙa ga Matasan Gusau, Tsafe da Bungudu a kan Aikin Kula da Masu Ɗaurin Talala



Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata na hukumar CDCFIB, shagunan kwamfuta na Tudun Wada da Sabon Gari kan cika maƙil, kowa na rububin Imigireshan da Sibil Difens. In an ambaci gidan gyaran hali sai ku yatsine fuska: "Kawu, ni da digirina in ƙare a gandiroba?" To ku saurara, akwai wani reshe na hukumar gyaran hali da ba ya riƙe makullin kurkuku, kuma shi na zo in kwaɗaita muku, in kuma tsoratar da ku a kansa.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta zama Hukumar Gyaran Hali ta Nijeriya. Dokar ta raba aikin gida biyu: masu tsare mutum a ciki, da masu kula da wanda kotu ta hukunta amma ta bar shi a waje. Reshe na biyu shi ke riƙe da ɗaurin talala, da aikin yi wa al'umma hidima maimakon ɗauri, da sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta. Tun kafin nan dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba alƙali damar sakin mai ƙaramin laifi a ƙarƙashin sa ido, na tsawon da bai wuce shekara 3 ba. Damar tana nan a takarda. Mai sa idon ne ya yi ƙaranci.

Ku duba abin da rashinsa ke jawowa. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A Nuwamban 2023 Ministan Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da tara ce kawai ta riƙe su, aka tara naira miliyan 585 aka biya musu. Ku raba kuɗin ku ga abin da ya zo kan kowane mutum: bai kai naira dubu 150 ba. A kan wannan ne magidanci ke barin gona da iyali, yaro kuma ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya shiga a kan satar waya yakan fito da lambobin wayar mutanen da bai kamata ya sani ba, kuma a Zamfara ta yau kun san inda irin waɗannan lambobi ke kai mutum.

Bari in nuna muku aikin kusa-kusa. A ce yaro ne ɗan shekara ashirin daga wani ƙauyen Bungudu, an kama shi da buhun waken soya da ba nasa ba, ya amsa laifinsa. Alƙali na son sanin ko ya aika shi gidan kaso ko ya mayar da shi gida. Ba shi da lokacin zuwa ƙauye, kai ne idonsa. Za ka hau babur ka je. Za ka zauna a zauren mahaifinsa, a kawo maka ruwa a kwanon sha, tsohon ya rantse maka cewa ɗansa ko kaza bai taɓa ɗauka ba. Ka saurare shi da ladabi, sannan ka wuce wurin mai unguwa, da liman, da mai shagon faci da aka ce yaron yana koyon aiki a wurinsa. Ka tambaye shi yaushe rabon yaron da zuwa shago. Ka dubi idon yaron da kansa, ka lura ko yana shan ƙwaya. Kada ka manta da mai waken: shi me yake so, kuɗinsa ko ɗauri? Sau da yawa kuɗinsa yake so, amma ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ka rubuta bayan wannan shi ne aikin gaba ɗaya. In ka rubuta cewa yaron yana da sana'a, to ka ga shagon da idonka. In ka rubuta cewa kawunsa zai tsaya masa, to ka ji daga bakin kawun, ba daga bakin uwar yaron da ke kuka a bakin kotu ba. Alƙali zai sa hannu a kan maganarka. Ran da ya gano ka rubuta abin da ba ka gani ba, ba kai kaɗai ka faɗi ba. Yara goma da za su zo bayan wannan sun rasa damarsu, domin alƙalin zai koma abin da ya saba, ɗauri ko tara. Alƙalanmu da yawa, na majistare da na kotunan shari'ar Musulunci da jihar nan ta faɗaɗa huruminsu tun 2000, har yanzu suna ɗari-ɗari da wannan tsari, kuma ban ga laifinsu ba. Babin ta'aziri ya ba alƙali fili mai faɗi, sai dai ba zai saki mutum ga jami'in da bai yarda da shi ba.

A nan ne zama ɗan gari ke zama alheri da kuma masifa. Kai ɗan Tsafe ka san wane gida ne wane, ka san wanda in ya ce "na tsaya masa" maganarsa ta zauna. Baƙo daga nesa ba zai san wannan ba. Amma kai ne kuma za a zo wa da dare. Gwaggonka za ta ce, "Ɗan nan, ɗan ƙawata ne fa, ka rufa mana asiri." Wani zai aiko da buhun masara ba tare da ya ce komai ba. Mayar masa da abinsa tun kafin a sauke daga mota, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In shari'ar ta shafi danginka, ka gaya wa shugabanka a ba wani. Za a ce ka yi girman kai, za a daina gaishe ka a wurin suna na ɗan lokaci. Zai wuce.

Akwai kuma kuskuren da ya fi kama masu zafin jini a cikinku, wato ɗaukar kai kamar ɗan sanda. Wanda aka ba ka ka kula da shi ya makara zuwa sa hannu sau ɗaya, sai ka ruga kotu a soke sakinsa. Tsaya ka tambaya tukuna. Wanda ke zuwa daga bayan 'Yandoto wata rana hanya ce ba ta biyuwa. Ku tuna Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar aka rufe kasuwannin mako: ta yaya mutum zai kira ka, kuma da me zai biya kuɗin mota? Sai ka bambance wanda hali ya hana da wanda ya raina kotu. Na biyun kada ka rufa masa, ko da kana tausayinsa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Mutumin da ke yawo ƙauye yana tambayar halin wane da wane, nan da nan za a iya kiransa infoma. Kada ka shiga gari sai da sanin hakimi ko dagaci, kada ka kwana, kuma inda aka ce maka kada ka je, kar ka je. Sirrin da ke cikin fayil ɗinka kuma ba na majalisar mai shayi ba ne.

Kada ku ɗauka sabon abu ne a duniya. Wani mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus, shi ya fara a 1841, da ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya tsaya masa. Kafin ya rasu ya tsaya wa mutum kusan 2,000. Amurka ta yi dokar ɗaurin talala ta tarayya a 1925, ta ƙara da ta masu binciken wanda ake tuhuma kafin a ba da beli a 1982, kuma can jami'an ma'aikatan kotu ne. Namu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Ɓangaren masu jiran shari'a kuwa, a nan lauyoyin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, suna cikin masu ɗauke da nauyinsa. Wanda ya karanta lauya a cikinku ya dubi wannan ƙofa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ma ya ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin gyaran hali, don haka wata rana Gusau na iya neman nata ma'aikatan.

Ku 'yan mata, da ku nake. Akwai matan da ake tuhuma, akwai iyaye mata a cikin kulle, kuma namiji ba ya wuce zaure. Rahoton da babu bakin uwa da na matar gida a ciki rabin rahoto ne.

Ba zan yi muku alƙawarin daɗi ba. Albashin na gwamnati ne, kuɗin mai sau da yawa daga aljihunka, kuma in an ɗauke ka ba kai ke zaɓen reshe ko jihar da za a tura ka ba. Mai yiwuwa ka fara da gadin ƙofa. Mai karatun zamantakewa a Jami'ar Tarayya ta Gusau ya dage da koyon rubuta rahoto gajere da Turanci mai tsabta. Cike fom kyauta ne, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sayar muku da gurbi ɗan damfara ne. Kafin ku cike kuma, ku sami safiya ɗaya ku je kotun majistare, ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ku zauna a bencin baya daga ƙarfe tara har a tashi, ku ƙirga shari'u nawa aka ɗage, ku kuma kula da dalilin ɗage kowace.

Wassalam.
Kawunku, daga Gusau.