Haƙƙin Ɗan'uwan da Ya Daina Zuwa Wazifa

Ya ƴan'uwa, tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, zuwa gida ya yi wa ƴan Bana masu ci-rani a Benin wuya. A cikinsu akwai wanda ƙuncin zuciya ya danne shi, har lazimi ya yi masa nauyi.

Zumuncin ɗariƙa ba ya tsayawa a bakin kogi. Ka kira shi shi kaɗai, kada ka tona asirinsa a zauren WhatsApp na zawiya. Ka saurare shi kafin ka yi nasiha, kada ka zarge shi da raunin imani. Idan barci da abinci sun gagare shi, ko ya ambaci kashe kansa, a gaggauta kai shi wajen likita, addu'a na biye.

Allah Ya yaye masa, albarkar Annabi (SAW).