Hutun Damina a Gabashin Sakkwato

Tambaya: Ina son kai yarana Wurno, Rabah da Goronyo a dogon hutun makaranta. Me za mu gani?

Amsa: Malam, ka fara da Wurno. Ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, can ya rasu a 1837, can hubbarensa yake. Daga kan tudun garin ka nuna wa yara fadamar gulbin Rima, shinkafa kore shar, balbela na bin shanu, shamuwa kan itatuwa. Shamuwa baƙuwar damina ce, da kaka ta yi za ta wuce.

A Goronyo akwai madatsar ruwan da ta tare Rima. A watan Agusta ruwa na cika, kada yaro ya kusanci gaɓa. Rabah kuwa mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, 'yan bindiga sun addabi yankin Rabah da Goronyo. Ka tambayi direbobin tasha da ɗan gari kafin ka tashi, ka fita da hantsi, ka dawo Sakkwato kafin la'asar. In sun ce hanya ba lafiya, ka tsaya a Wurno.