Gas Ɗin Esi Ba Ya Ƙarewa, Yoyo Yake Yi

Da zarar bazara ta kama, garejin masu gyaran esi a Kano da Kaduna da Maraɗi sai ya cika da tsofaffin motoci masu shan dizal, irin su Marsandi 200D da 300D da Fijo 504 da 505. Kowa ya zo, magana ɗaya ce a bakinsa: "A ƙara mini gas." Wannan maganar ta kashe kwamfuresa ba adadi.

Mai tsohuwar mota ba baƙon gyara ba ne. Ba sai an koya masa duba fiyus ko ɗaure fanbel ba. Ya san kwandensa, wanda ke gaban lagireto, yana toshewa da ƙurar hunturu, kuma wanki ne maganinsa. Ya san idan fanka ta tsaya, sanyi zai gudu a cikin cunkoso. Waɗannan a duba su, a wuce.

Abin da ya ƙi shiga kan mutane shi ne, gas ɗin esi ba a ƙona shi yadda ake ƙona dizal. Kewayawa yake yi a rufaffen bututu, daga kwamfuresa zuwa kwandensa, zuwa akwatin sanyi da ke ƙarƙashin dashbod, ya dawo. Lafiyayyen esi yakan yi shekaru ba a ƙara masa komai ba. Idan gas ya tafi cikin wata ɗaya ko biyu, to akwai kafa. Injin dizal kuwa ya fi na fetur jijjiga, ga robobin mahaɗa sun tsufa sun bushe, ga tiyo ya tsattsage. Kuma gas ba shi kaɗai yake fita ba, tare da man kwamfuresa yake tafiya. Wanda ya ƙara gas bai toshe kafa ba, kwamfuresarsa tana aiki ne da ƙarancin mai. Wata rana za ta ci kanta, ta watsa ɓarɓashin ƙarfe cikin bututu, gyaran roba ɗaya ya koma sayen kwamfuresa da wanke layi gaba ɗaya.

A wani gida, maigidan ya shigo da la'asar yana kaɗa makulli.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Yau ma gas ɗin aka ƙaro?"

"An ƙaro. Bakaniken ya ce wannan karon ya cika shi dam."

"Haka ya ce ranar sunan jikar Yaya. Muka isa Wudil sharkaf da gumi, hodar da na shafa duk ta gangaro wuya, mata suna tambayata ko a ƙasa muka zo."

"Hajiya, ke me kika sani a kan mota?"

"Mota ban sani ba, Alhaji, amma na san randa. Idan ta tsage, ba na wuni ina ɗura mata ruwa."

Ɗansu, wanda ke wanke motar kowace safiya, ya sa baki daga bakin ƙofa. "Baba, akwai wani wuri a jikin tiyo kusa da kwamfuresa, kullum da maiƙo, ƙura ta manne baƙi ƙirin. Na goge, ya dawo."

"To ka riƙa gogewa da kyau mana!"

Yaron ya gano abin da bakaniken bai nema ba. Maiƙo da ƙura a mahaɗar bututun esi, nan ne kafar. Bakaniken kirki yakan ɗura iskar naitirojin a layin, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ya tsaya ya ga inda kumfa ke tashi. Ya canja robar ko tiyon, ya canja diraya, domin da zarar an buɗe layi ta sha danshi. Sannan ya sa injin zuƙe iska na aƙalla rabin awa, ya kashe, ya zuba wa geji ido. Allura ta motsa, da sauran kafa, kada a zuba gas. Ta tsaya cak, sai a sa mai, a zuba gas bisa awon da kamfani ya rubuta, ba "dam" ba.

Irin gas ɗin ma abin tambaya ne. Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993 da R-12 suka fito, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda illarsa ga sararin sama. R-134a ne ya gaje shi, kuma ba ya tafiya da tsohon man R-12. Duk motar da za a mayar kan sabon gas, sai an canja mata mai da robobi.

Wasu masu mota dai ba sa jin kira. Akwai ɗan makunnin da ke kashe kwamfuresa idan gas ya yi ƙasa, don ya cece ta. Wani sai ya sa a cire shi a haɗa waya dairek, yana murna esi ya tashi. Wani kuma gas ɗin girki yake ɗurawa saboda araha, a layin da ya san yana yoyo, ya kwashi 'ya'yansa zuwa makaranta, fasinja na kunna sigari. Wannan ganganci ne, kuma da rayukan wasu ake yinsa.

Saura abu ɗaya da ya shafi dizal musamman. Injinsa ba ya samar da zuƙon iska da kansa kamar na fetur, sai da wani ɗan famfo. A tsofaffin Marsandi, zuƙon nan ne ke kulle ƙofofi, yana kashe injin, a wasu kuma shi ke buɗe ƙofofin iska na cikin dashbod. Idan bututun esi ya yi sanyi amma iska ba ta fitowa ta inda ya kamata, ko motar tana jan rai kafin ta mutu bayan an zare makulli, sau da yawa siririn tiyon zuƙo ne ya fashe. A bi shi da hannu a nemo tsagar, kada a bari kowa ya kawo tukunyar gas kusa da motar.