Yadda ake lissafin wutar da Raspberry Pi da ESP32 ke ci, da dabarun sa batir ya daɗe

Matasa da dama sun fara haɗa ƙananan na'urori da allunan kwamfuta irin su Raspberry Pi, Arduino da ESP32, kamar na'urar auna ruwan tanki ko mai lura da zafin ɗakin kaji. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, irin waɗannan na'urori da batir ko sola suke aiki. Idan ba a yi lissafi tun farko ba, na'urar kan mutu cikin dare, daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Lissafin farko

Ana auna ƙarfin wutar da allo ke ci da wat, kuma ana samun wat ne idan aka ninka bolt da amf. Amf ɗaya daidai yake da 1,000mA. Raspberry Pi 4 yana aiki da bolt 5, kuma idan ba ya wani aiki mai nauyi yana jan kusan 600mA, wato wat 3. Idan aiki ya yi masa yawa yana iya haura wat 6. Arduino Uno kuwa kusan 50mA yake ja.

Cajar Raspberry Pi 4 an rubuta mata 3A, amma wannan shi ne iyakar abin da za ta iya bayarwa. Allon yana jan abin da yake buƙata ne kawai. Don sanin ainihin adadin, sai a sa ƙaramar mitar USB tsakanin caja da allon, ta nuna bolt da amf yayin da yake aiki.

Awa nawa fawa bank zai yi?

Adadin mAh da ke jikin fawa bank an auna shi ne a kan bolt 3.7 na batirin da ke ciki. Mai 10,000mAh yana ɗauke da 37Wh ke nan. Wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5 wani kaso yana zubewa a matsayin zafi, don haka abin da zai isa allon bai fi 30Wh ba. A raba 30 da wat 3, za a ga Raspberry Pi 4 zai yi kusan awa 10.

Barci shi ne babbar dabara

Yawancin na'urorin awo ba sa buƙatar zama a farke kullum. ESP32 yana da tsarin barci mai zurfi, inda guntun kansa ke jan kusan 0.01mA, alhali lokacin aika saƙo ta Wi-Fi yana iya kaiwa 240mA.

A ce na'urar tanki tana jan 150mA idan tana farke, kuma batirinta mai 2,500mAh ne. Idan ba ta barci, ba za ta cika awa 17 ba. Idan kuwa aka tsara ta ta farka na daƙiƙa 5 duk bayan minti 10, ta aika awo ta koma barci, matsakaicin abin da take ja zai sauka zuwa kusan 1.3mA. Batirin nan zai kai kwana 80.

Sai dai akwai tarko a nan. Allunan gwaji da ake sayarwa suna zuwa da fitilar LED, guntun USB da na'urar daidaita bolt, kuma waɗannan kan ci gaba da shan wuta ko guntun ya yi barci. Idan allon yana jan 5mA a barci, kwana 80 ɗin nan zai dawo kusan 17. Shi ya sa ake auna abin da allo ke ja yana barci, da mitar masu gyaran lantarki a jere da batirin, kafin a yarda da shi.

Sauran hanyoyin rage ci

Raspberry Pi ba shi da irin wannan barci, don haka rage lodi ake yi masa: a kashe Wi-Fi da Bluetooth idan ba a amfani da su, a cire allon kallo da duk abin da ke jone a USB, a tsayar da manhajojin da ba su da aiki. Idan aikin bai wuce karanta awo da aika shi ba, gara a bar Raspberry Pi 4 a ɗauki ESP32, ko Raspberry Pi Zero W wanda ba ya kai wat 1 idan yana zaune.

A kula kuma, yawancin fawa bank suna kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi ƙasa sosai, suna ɗauka waya ta cika. Na'ura mai barci ta fi dacewa da batirin 18650 da da'irar kariyarsa.

Kafin a sayi batir ko fanel ɗin sola, a auna allon yana farke, a auna shi yana barci, a fitar da matsakaici, sannan a ƙara wani abu a kan lissafin saboda tsufan batir da ranakun hazo.