A Gwada Ma'auni Kafin a Gwada Ƙasa

Jama'a manoman auduga, kowa ya san ba a ɗora buhu a kan sikeli sai an tabbata sikelin ba ya cuta. To, haka yake ga ma'aunin tsamin ƙasa, wanda malaman gona ke kira pH. In ma'aunin ya yi ƙarya, shawarar da za a ba ka ita ma ƙarya ce, kuɗin takinka ya tafi a banza.

Mene ne pH?

Awo ne daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, kamar tsamiya. Abin da ya haura 7 mai kanwa ne, kamar ruwan toka. Wani masani a ƙasar Denmak, Sorensen, shi ya tsara awon nan a 1909. A 1934 kuma Arnold Beckman ya ƙera na'urarsa a Amurka don auna ruwan lemon tsami.

Baƙar lakar Jazira, wadda ake ba ruwa daga madatsar Sennar tun 1925, mai kanwa ce, galibi tana wuce 8. A irin wannan ƙasa, in an watsa takin yuriya ba a rufe ba, ƙarfinsa yakan bi iska. In kuwa ma'auni ya ce 6 alhali ƙasar 8 ce da rabi, sai a sa ka sayen farar ƙasa ka zuba a hawasha, watau ka ƙara wa mai kanwa kanwa.

Abin da ke ɓata sandar awo

Na'urar kashi biyu ce: akwati mai nuna lamba, da sanda wadda ake tsomawa. A bakin sandar akwai ɗan ƙwai na gilashi mara kauri, kusa da shi kuma akwai 'yar kafa inda ruwan gishirin ciki ke tsattsafowa. Galibi a sandar nan ɓarna take. Ko an kula da ita, ba ta cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

A Kartum da Omdurman maƙiyanta uku ne. Na ɗaya zafi, don a watan Mayu da Yuni yakan wuce digiri 40. Na biyu ƙurar habub da laka, masu toshe kafar. Na uku bushewa. Yaƙin da ya ɓarke a Kartum cikin Afrilu 2023 ya sa mutane sun bar kayansu a rufe wata da watanni. Duk sandar da ta yi irin wannan zama, kada a yarda da ita sai an gwada.

Ga yadda za a gwada

Ana bukatar ruwan gwaji iri uku, mai lamba 4, da 7, da 10. Galibi na 4 ja ne, na 7 rawaya, na 10 shuɗi. A yi aikin da sassafe, a inuwa.

1. Ɗaga sandar ka duba. In ƙwan ya tsage, magana ta ƙare. In akwai kumfar iska a ciki, ka kaɗa ta ƙasa a hankali.

2. Ɗauraye bakin da tataccen ruwa irin na batir. Kada ka goge shi, ka dai ɗan taɓa da takarda mai laushi.

3. Tsoma a ruwan 7, ka saita na'ura. Ɗauraye. Sa'an nan ka tsoma a ruwan 10, ka saita. Da yake ƙasarmu mai kanwa ce, 7 da 10 su ne suka fi dacewa da mu.

4. Ɗauraye, ka tsoma a ruwan 4 ba tare da ka saita ba. In ta nuna tsakanin 3.9 da 4.1, lafiyarta lau.

5. Lura da lokaci. Sanda mai kyau takan tsaya a lamba guda kafin minti ɗaya. In lamba ta yi ta yawo, kafar ta toshe ko gilashin ya tsufa.

In ta nuna lamba kusan ɗaya a duk ruwan uku, gilashin ya fashe ko da ido bai gani ba.

Wasu na'urori suna nuna ƙarfin lantarki, inda aka rubuta mV. A ruwan 7 ya kamata a ga kusan sifiri, kada ya wuce 30 sama ko ƙasa. Tsakanin 7 da 4 kuma a sami bambancin wajen 177, in zafin ruwan digiri 25 ne. In bambancin bai kai 160 ba, sandar ta gaji.

Kada a ɗora wa sanda laifin ruwa

Ruwan 10 yakan sha iska ya lalace, saboda haka in an buɗe kwalba kada ta wuce wata guda. A zuba kaɗan a ƙaramin kofi, in an gama a zubar, kada a mayar cikin kwalba.

Magani da ajiya

In sanda ta bushe, a jiƙa ta kwana guda cikin ruwan ajiyarta, watau ruwan gishirin da aka rubuta KCl a kwalbarsa, sa'an nan a sake gwadawa. In ba ta farfaɗo ba, a sayi sabuwa. Kullum a ajiye ta da murfinta, da ɗan ruwan nan a ciki. Faufau kada a ajiye ta cikin tataccen ruwa, yakan tsotse gishirinta. Kada kuma a bar ta cikin mota da rana.

Kai manomi, ko ba ka da na'ura, kana da ikon tambaya. In malamin gona ya zo auna ƙasarka, ka ce, "Malam, don Allah a fara tsoma ta a ruwan 7 in gani." Malamin kirki ba zai ji haushi ba. Minti biyar ne kawai, amma aikin shekara guda ya rataya a kansu.

Tambayoyi

1. Me ya sa muka fi amfani da ruwan 7 da 10?
2. Mece ce alamar gilashin da ya fashe?
3. A cikin wane ruwa ake ajiye sandar awo?